Na sayi babbar kyamara amma hoton wayata ya fi fita

Tambaya: Salam malam, na sayi Canon 2000D ta hannu da lens ɗinta 18-55, ina son fara ɗaukar hoton biki da suna, amma wallahi hoton wayata ya fi kyau, na kyamarar sai ya yi duhu ko dishi-dishi. Ko lalatacciya aka sayar min ne? Daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, da wuya a ce kyamarar ce ta lalace. Waya tana gyara hoto da kanta tun kafin ka gani, ita kuwa wannan sai abin da ka sa ta, in ka bar ta a Auto kuma to canka kawai take yi.

Ka juya maɓallin sama zuwa Av, masu Nikon A ne a wajensu. A nan kai ke zaɓar faɗin ƙofar da haske ke shiga, lambar nan mai f a gaba, kuma abin da ke rikita sabon shiga shi ne ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, f/3.5 ta fi f/11 shigar da haske nesa ba kusa ba. Mutum ɗaya ka rage lambar iya yadda lens ɗin ya yarda, dangi sun jeru layi biyu ka kai ta f/8 don na baya ma su fita. Sannan idonka na kan saurin shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, in ya sauka ƙasa da 1/125 mutane na motsi to dishi-dishin nan zai dawo, wajen rawa ko dawaki a hawan sallah ma sai 1/500 zuwa sama. In ya sauka sai ka ɗaga ISO, lambar da ke ƙara wa hoto haske, a rana 100 ta isa, a ɗakin taro da dare kar ka ji tsoron 1600 ko 3200, hoto mai ɗan tsaki-tsaki ana iya gyara shi amma wanda ya girgiza ya tafi kenan.

Batun duhu kuma, shi ne ya fi damuna da hotunan bikinmu. Ango ya sha farar shadda, kyamara ta ga fari ya cika mata ido sai ta rage haske, shaddar ta koma ruwan toka fuskar bawan Allah kuma ta nutse gaba ɗaya. Ka danne maɓallin Av+/- na baya ka murza ɗan gargaren da ke kusa da maɓallin ɗauka zuwa +1, ka duba, in aikin wuyan rigar ya fara ɓacewa ka ɗan rage. Kuma don Allah a daina tsayar da mutane a tsakar rana, inuwar hula ke rufe ido, ka kai su bakin zaure ko gindin bishiya su fuskanci haske, fokas ɗinka a kan ido.

In kuɗi sun samu ka nemi lens 50mm f/1.8, hasken da yake sha ya kusa ninki 10 na naka in ka zuƙo shi zuwa 55.

Tambaya: Malam wani baƙin ɗigo ke fitowa a duk hotunana wuri ɗaya, na goge lens bai tafi ba. Daga Maraɗi.

Amsa: Hajiya wannan ƙura ce ta hau sensa, wato farantin cikin kyamara da ke kama hoton, lokacin hunturu kam sai a hankali. Ki sa f/22 ki ɗauki farin bango za ki gan ta ɓaro-ɓaro. Ki shiga menu wajen share sensa da batir cike, ki cire lens, ki kifa kyamarar ki hura da robar hura iska ta kyamara, banda baki banda gefen mayafi, in ta ƙi ki kai wa mai gyara. Canza lens kuma a ɗaki ko cikin mota, kyamara a kashe bakinta na kallon ƙasa.