Makanta ba ta ɓoye launin fatar mutum a Amurka

Wa alaikumus salam, Hajiya. Wayata ta karanto min tambayarki tun shekaranjiya, na bari sai na samu sarari don amsar ba ta layi biyu ba ce. Kin ce ƙaninki makaho ya samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a a nan Amurka. Wasu suna ce miki nan ce aljannar nakasassu, wasu kuma suna turo miki bidiyon 'yan sanda sun danne baƙar fata a ƙasa, har kin rasa wanda za ki kama. Tambayarki ita ce ko wariyar launin fata tana kaiwa ga makaho, ko kuwa tausayin lalurarsa yana kare shi.

Ki bar shi ya zo. Amma kada a cika masa kunne da cewa sandarsa za ta yi masa katanga. Shi ne ba ya ganin launin mutane, su ras suke ganin nasa.

Ni a nan na makance, ba da ita na zo ba. Hawan jinin ido ne ya cinye min gani a hankali lokacin ina tuƙin tasi. Yanzu aikin tafinta nake yi ta waya, tsakanin likitoci da marasa lafiyarmu da ba sa jin Turanci, ina zaune a yankin Baltimore. Na zauna a ƙasar nan da ido, na kuma zauna da sanda.

Masu yabon ba ƙarya suke yi ba. Tun 1990 akwai dokar kare haƙƙin nakasassu da ake kira ADA, kafin ita kuma akwai sashe na 504 na wata doka ta 1973 wanda ya hana duk cibiyar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna wa nakasasshe bambanci. Dokokin nan ba sa tambayar fasfo, ɗalibi baƙo ma suna kare shi. Dole jami'a ta mayar masa da littattafai yadda kwamfutarsa za ta karanta, ta ƙara masa lokacin jarrabawa. Lif yana da rubutun makafi, wasu fitilun tsallaka titi suna magana, akwai motar da ke ɗaukar nakasasshe daga ƙofar gida idan ya yi rajista. Wanda ya san yadda dokarmu ta nakasassu ta Najeriya ta 2019 take kwance a takarda zai ji kamar mafarki yake yi.

Sai dai doka ba ta zuwa ta ƙwanƙwasa maka ƙofa. Sai ka san da ita, ka nema, a hana ka, ka sake nema, a kuma yarda da maganarka. A kowane mataki a cikin waɗannan, baƙar fata yana baya.

Tun daga idon kansa ake farawa. A garin nan likitocin jami'ar Johns Hopkins suka yi wani babban bincike da aka wallafa a 1991, suka duba idanun mutane fiye da dubu biyar, farare da baƙaƙe, mazauna gabashin Baltimore. Suka tarar hawan jinin ido ya ninka sau huɗu zuwa biyar a wajen baƙaƙe. Wani zai ce ai wannan gado ne, halitta ce, ba laifin kowa ba. To, da gaskiyarsa a wani ɓangare, domin mu 'yan Afirka ta Yamma cutar ta fi kama mu da wuri kuma ta fi yi mana ɓarna. Amma binciken ya kuma nuna makanta ta yanar ido, wadda aikin ƙasa da awa ɗaya ke cirewa, ta fi yawa nesa ba kusa ba a wajen baƙaƙe, saboda ba a yi musu aikin ba. Wannan kuma ba halitta ba ce. Rashin inshora ne, da nisan likita, da aikin da in ka yi fashin yini ɗaya ba za a biya ka ba. Hawan jinin ido ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, daga gefe yake ci. Direban tasi da ba shi da inshora ba ya kai lafiyayyen ido wajen likita. Lokacin da aka gano nawa, ɗaya ya riga ya tafi. Har yanzu akwai jihohi wajen goma da suka ƙi faɗaɗa inshorar talakawa ta Medicaid, kuma akasarinsu a kudu suke, irin su Texas da Florida da Georgia da Mississippi, inda baƙaƙe suka fi yawa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce baƙar fata ɗaya cikin huɗu na manya yana da wata nakasa, farare kuwa ɗaya cikin biyar.

Bayan makanta sai kuɗi, domin makanta tana da tsada. Na'urar da ke fito da rubutun makafi daga kwamfuta dubban daloli ce. A ƙididdigar babban bankin Amurka ta 2022, dukiyar matsakaicin gidan farar fata ta kai dala 285,000, ta baƙar fata kuwa dala 44,900. Wancan idan ya makance, iyaye ko 'yan'uwa za su riƙe shi shekara guda ya koyi sanda da kwamfuta a natse. Wannan kuwa wata mai zuwa ake jiran kuɗin haya.

Kowace jiha tana da ofishin da ke horar da nakasassu don su koma aiki. Da na je na jihar da nake zaune a lokacin, matar da aka haɗa ni da ita ba ta ɗaga min murya ba, ba ta faɗi kalma ɗaya marar daɗi ba. Na ce mata ina jin Hausa da Faransanci da Turanci, ina son a koya min kwamfuta in yi tafinta. Ina jin ƙarar madannan kwamfutarta, sai ta ce akwai wani wuri da makafi ke shirya kaya a kwali, suna ɗaukar mutane nan take, ta ga zai fi dacewa da ni. Na maimaita maganar harsunan. Ta ce mu fara da abin da zai yiwu tukuna. A ajin koyon sanda na haɗu da wani Bature, tsohon mai sayar da kayan gini, wanda karatunsa bai wuce nawa ba. A wannan ofishin dai, shi an tambaye shi me yake so ya zama, aka biya masa kwas, aka saya masa na'ura. Mutumin kirki ne, shi ne ma ya gaya min ina da damar ɗaukaka ƙara in nemi a sauya min jami'i, abin da ba wanda ya taɓa faɗa min. Na yi hakan, aka sauya.

Kada a ce zargi ne kawai irin na wanda aka ɓata wa rai. Majalisar dokokin Amurka da kanta, a gyaran da ta yi wa dokar nan ta 1973 a 1992, ta rubuta cewa an fi ƙin karɓar baƙaƙe a waɗannan ofisoshi, waɗanda aka karɓa an fi rufe fayil ɗinsu ba tare da sun samu aiki ba, kuma kuɗin da ake kashewa a kansu bai kai na farare ba. Yana nan cikin dokar.

Abin da ya fi cin rai kuwa, wanda mai ido ba zai gane da sauri ba, shi ne rashin tabbas. Da ina gani, in mai shago ya canza fuska na sani. Yanzu in an yi hira da ni ta waya lafiya lau, na je da kaina aka ce an riga an ɗauki wani, ko an ba da hayar ɗakin, ban san me aka gani aka fasa ba. Sandar ce? Fatar ce? Harshena ne, ko sunana na Musulmi? Ba ni da fuskar da zan karanta, ba ni da shaidar da zan kai gaba. Kunne ne kawai ke taimako. A wani babban kanti nakan ji ƙarar makullai da shuuu ɗin rediyon mai gadi a bayana. In tsaya ya tsaya, in juya layin sabulu ya juyo. Bai ce in taimaka maka ba, bin sawu kawai yake yi. Ranar da na je da abokin nan nawa Bature, sanda biyu muna ƙwanƙwasa ƙasa tare, ma'aikata biyu ne suka taso suna tambayar me muke nema.

Maganar 'yan sanda, wadda na san ita ce ke hana ki barci, tana da tushe. A Fabrairun 1946 wani sojan Amurka baƙar fata, Saje Isaac Woodard, yana komawa gida daga yaƙin duniya na biyu, kakinsa a jikinsa, suka yi cacar baki da direban bas a kan tsayawa ya kewaya. A garin Batesburg na jihar South Carolina shugaban 'yan sanda ya doke shi da kulki a idanu har ya makance baki ɗaya. Masu taya alƙali yanke hukunci, dukkansu farare, suka wanke ɗan sandan. Lamarin yana cikin abubuwan da suka tunzura shugaba Truman har ya soke wariya a rundunar soja a 1948. An samu canji sosai daga wancan zamani, wannan gaskiya ne. Amma wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna fiye da rabin baƙaƙe masu nakasa an taɓa kama su kafin su cika shekara 28.

Haɗarin makaho a nan na musamman ne. Ɗan sanda yana nuna maka da hannu ka tsaya can, kai ba ka gani ba, shi kuma ya ɗauka taurin kai ne. Ka saka baƙin tabarau, ka rufa hular sanyi, ba ka kallon idonsa, ga wani abu dogo a naɗe a aljihunka. Ki gaya wa ƙaninki: in yana waje sandar ta kasance a buɗe a hannunsa, ba a naɗe ba. In ya ji an daka masa tsawa, ya tsaya cak, ya faɗa da ƙarfi cewa shi makaho ne, ya ce a gaya masa da baki abin da ake so ya yi. Kada ya kai hannu aljihu neman kati sai ya faɗa an amince. Ba kullum ba ne, ba kowane ɗan sanda ba ne, wasu sun tsallakar da ni titi cikin mutunci. Amma ya haddace wannan.

Akwai kuma laifinmu mu 'yan Afirka, kuma zan faɗa ko da wasu a zauren nan ba za su ji daɗi ba. Muna zuwa da raina baƙaƙen Amurka, muna cewa malalata ne, sun cika ƙorafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kakanninsu makafi an raba musu makaranta da makafin farare, yaran da ko launin ba sa gani. Mawaƙi Ray Charles a ɓangaren baƙaƙe na makarantar makafi ta St. Augustine a Florida ya yi karatu. Sashe na 504 ɗin nan da ƙaninki zai ci moriyarsa, sai da nakasassu suka mamaye wani ginin gwamnati a San Francisco a Afrilun 1977 suka yi kusan mako huɗu a ciki kafin a sa hannu a fara aiki da shi, kuma 'yan ƙungiyar baƙaƙen fata ta Black Panther ne suka riƙa kai musu dafaffen abinci kullum, saboda ɗan ƙungiyarsu Brad Lomax, mai keken guragu, yana cikin masu zaman. Shari'ar Olmstead ta 1999, wadda ta ba nakasassu 'yancin zama cikin jama'a maimakon a killace su a asibiti, wata baƙar fata ce daga Georgia, Lois Curtis, ta fara shigar da ita. Makafin da suka fi koya min yadda ake zama a ƙasar nan baƙaƙen Amurka ne: wane jami'i ake rubuta wa, me ake cewa, yaushe ake yin shiru. Ya neme su, kada ya tsaya a cikinmu kawai. Mu namu, Allah ya saka, akwai zumunci, amma a masallacinmu har yau nakan ji an danƙa min dala a tafin hannu bayan sallar Juma'a, wani lokacin ma wanda na yi wa tafinta a asibiti a makon ne.

Ga abin da zai yi tun yana gida. Ya rubuta wa ofishin ɗalibai masu nakasa na jami'ar yanzu, ba sai ya sauka ba, ya haɗa da takardar likitan ido da Turanci. Duk abin da aka yi masa alkawari ya nemi a rubuto ta imel, ya adana, domin mu maganar baki ba ta cika tsaya mana ba. Ya sani mai bizar karatu ba ya samun kuɗin tallafin nakasassu na gwamnati, kuma jami'a ba dole ba ne ta saya masa na'urar kansa, don haka ya ƙware a NVDA, manhajar karanta allo ce ta kyauta, ya zo da sandar ajiya. Ya karanta inshorar lafiyar jami'ar ya ga ko ta haɗa da likitan ido. Babbar ƙungiyar makafi ta ƙasa, NFB, wadda aka kafa a 1940, hedikwatarta a nan Baltimore take, tana da rassa a kowace jiha da sashen ɗalibai, ya shiga tun makon farko.

Ku kuma na gida, Hajiya, ba ki faɗi abin da ya makantar da shi ba. In hawan jinin ido ne, ke da sauran 'yan ɗakinku ku je a auna muku ido, ko a asibitin ido na ECWA a Kano ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ko duk inda ya fi muku kusa, kuma ku maimaita duk shekara. Ki faɗo min jihar da jami'ar take, domin zaman makaho a garin da ke da jirgin ƙasa da bas daban yake da na ƙauyen da sai da mota, in ga ko na san wani a can da zai tarbe shi a filin jirgi.