Tambayoyin Masu Karatu: Me ya riƙa mayar da Bani Isra'ila ga gumaka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Islamiyya ce a Funtuwa. Ina karantar da ƙissar Annabi Musa (AS) sai wata ɗalibata 'yar shekara 12 ta ce, mutanen da suka ga teku ta tsage da idonsu, yaya aka yi suka bauta wa ɗan maraƙi? Na ce mata aikin Shaiɗan ne. Ta yi shiru, amma na ga ba ta gamsu ba, ni ma haka. Wauta ce kawai ta ja su? Kuma sun daina bayan Annabi Musa?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. Amsarki gaskiya ce, sai dai Shaiɗan ta ƙofa yake shiga, kuma ƙofar ce ɗalibarki take son a nuna mata.

Ki duba Suratu Ɗaha, aya ta 88. Da Samiri ya narka kayan ado ya fitar da maraƙi mai kuka, cewa aka yi wannan shi ne abin bautarku, shi ne kuma abin bautar Musa. Kin ga ba wanda ya miƙe ya ce ya bar Ubangijin Musa. Abin da suke so shi ne Ubangiji da za su gani, su taɓa, su kewaya, musamman da Annabinsu ya yi dare 40 ba ya nan. Mutane ne da suka tashi a Masar, inda ake girmama bijimin Apis a birnin Memfis, kuma ido ba ya saurin mance abin da ya saba gani. Tun kafin maraƙin ma, Suratul A'araf aya ta 138 ta ce suna haye teku suka tarar da wasu mutane a gaban gumakansu, suka roƙi Annabi Musa ya sanya musu irin nasu. Sababbin musulunta ma sun yi makamancin wannan roƙo a hanyar Hunaini, suna son bishiyar rataye makamai irin Zatu Anwaɗ ta mushirikai, Manzon Allah (SAW) ya ce sun faɗi irin maganar mutanen Musa. Hadisin yana cikin Tirmizi.

Wani abu da ya kamata ki sani, ko don ranar da wani Kirista zai yi miki zancen: a littafin Fitowa na Baibul an jingina ƙera maraƙin ga Annabi Haruna, a littafin Sarakuna kuma an ce matan Annabi Sulaiman sun karkatar da zuciyarsa a tsufansa. Alƙur'ani ya wanke su duka biyun.

Batun ko sun daina kuwa, ba su daina ba. An shafe ɗaruruwan shekaru ana wannan ja-in-ja, kuma a ganina babbar ƙofar ita ce ruwan sama.

A Masar kogin Nilu ke shayar da gona. Kan'ana kuwa, ƙasar da Bani Isra'ila suka zauna daga baya, ƙasar tuddai ce, noman damina ake yi, in sama ta hana sai yunwa. Makiyaya ne suka shigo suka zama manoma, suka koyi noma a hannun Kan'aniyawa, su kuwa Kan'aniyawa nomansu da bautarsu a haɗe suke. Ba'al a wurinsu shi ne mai hadari da tsawa. Mun san haka daga bakinsu, domin a 1929 an fara tono allunan yumɓu a Ras Shamra ta ƙasar Siriya, tsohon birnin Ugarit, inda ake yi wa Ba'al kirari da mai hawan gajimare, ake kiran babban abin bautarsu El da bijimi, matarsa kuma ita ce Ashera.

Ni ɗan manomi ne, na san halin. Na tuna wata shekara ina yaro, mun yi shuka, gero ya tsiro, ruwa ya ɗauke kusan mako uku. Mahaifina kullum da asuba sai ya tsaya yana kallon gabas, ba ya cewa uffan. Maza suka fita sallar roƙon ruwa a filin idi. Da yamma kuma na ga wasu tsofaffi sun nufi gindin wata tsamiya a bayan gari da ƙwaryar fura. Duk masu salla ne. Da ka tambaye su za su ce ai Allah ɗaya ne, wannan dai taimako ne. To haka manomin Bani Isra'ila yake. Ubangiji ya fitar da kakanninsa daga Masar, ya yarda. Amma maƙwabcinsa ya yanka wa Ba'al rago, gonarsa ta yi kyau, shi kuma 'ya'yansa suna kuka. Ba na ba shi uzuri, shirka shirka ce. Tausayinsa dai nake ji, don na ga fuskar mahaifina a wannan makon.

Masu tonon tarihi sun samu shaidar wannan haɗe-haɗen. A Kuntillet Ajrud, can cikin Sinai, an tono rubuce-rubuce a 1975 da 1976 da ke sa albarka da sunan Yahweh, wato sunan Ubangiji a Ibrananci, tare da Asherarsa. A gidajen ƙasar Yahudiya kuma an samu ɗaruruwan 'yan gumakan mata na yumɓu.

Sai sarauta ta zo ta ƙara wa wutar itace. Bayan rasuwar Annabi Sulaiman, wajen shekara ta 930 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daula ta rabu biyu. Littafin Sarakuna ya ce Yerobowam, sarkin arewa, ya ji tsoron in talakawansa suka ci gaba da zuwa ibada Baitul Maƙdis zukatansu za su koma ga sarkin kudu. Sai ya kafa maruƙan zinariya biyu, ɗaya a Betel ɗaya a Dan, ya ce ga wurin ibada kusa da gida. Daga baya Sarki Ahab na arewa ya auri Yezebel, 'yar sarkin Sidon, aure irin na ƙulla zumunci da ciniki, ta tare da addininta, aka gina wa Ba'al ɗaki a Samariya, babban birnin daular arewa.

A wannan zamanin ne Annabi Ilyasu (AS) ya tashi, wanda Suratus Saffat aya ta 125 ta kawo maganarsa: kuna kiran Ba'al kuna barin Mafi kyawun masu halitta? Abin da ya fi burge ni a ƙissarsa kamar yadda Baibul ya kawo ta shi ne filin da aka yi karon. Fari aka yi na shekara uku. Tun da an ce Ba'al ke ba da ruwa, to ya bayar a gani. A kan Dutsen Karmel malaman Ba'al 450 suka wuni suna kira ba amsa, Ilyasu ya yi addu'a wuta ta sauko, bayanta ruwa ya ɓarke. Tambayar da ya yi wa jama'a a ranar ita ce, har yaushe za su riƙa ɗingishi tsakanin hanya biyu.

Assuriyawa sun ci Samariya a 722 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A kudu Sarki Hezekiya ya farfasa macijin tagulla da ake danganta wa zamanin Annabi Musa, don an koma ƙona masa turare. Sarki Yosiya ya yi gyara mai zafi wajen 622, ya rushe wuraren tsafi har da na Betel. Duk da haka, bayan Bukhtanassar na Babila ya rushe Baitul Maƙdis a 586, waɗanda suka gudu Masar sun gaya wa Annabi Irmiya ƙiri-ƙiri cewa za su ci gaba da yi wa Sarauniyar Sama turare da waina, wai tun da suka daina ne wahala ta same su. Ki lura, Malama, har a nan lissafin ciki ake yi: wa ya ƙosar da mu, wa ya bar mu da yunwa.

Can a Babila, inda aka kai su a matsayin kamammun yaƙi, abin ya juya. Ba gona, ba sarki, ba ɗakin ibada, sai littafi da Asabar da kaciya suka rage musu abin riƙo. Da Sarkin Farisa Kurus ya ci Babila a 539 ya ba su izinin komawa, waɗanda suka dawo sun fi kakanninsu tsanani a kan gumaka nesa ba kusa ba. A shekara ta 167, da sarkin Girkawa na Siriya, Antiyokus na Huɗu, ya hana addininsu ya tilasta yanka wa gumaka, wasu sun bi shi, amma da yawa sun zaɓi a kashe su. Wani dattijon malami a garin Modi'in ya ƙi yin yankan, shi da 'ya'yansa biyar suka shiga duwatsu suka ɗauki makami, kuma a 164, bayan rasuwar dattijon, 'ya'yan suka karɓe ɗakin ibadar Baitul Maƙdis suka tsarkake shi.