Amsa ga mai tambaya kan sabbin asusai uku da kwafinsu ya ƙi shiga rumbu

Wa alaikumus salam Injiniya, sannu da fama. Ka ce kamfaninku a nan Gombe yana da asusai huɗu a AWS, girgijen Amazon, da hidimar ajiyar kwafi ta AWS Backup ke kwashe kwafinsu zuwa rumbu ɗaya na tsakiya, an ƙaro muku uku, ka jawo su cikin rukunin da dokar ajiya ke kai, yau kwana biyar ko kwafi ɗaya na sababbin bai shigo ba, kuma babu jan rubutu ko'ina. Tun ban gama karantawa ba na gane ciwon, don babu mai riƙe da wannan aiki a cikinmu da bai sha shi ba.

Shirun nan da kake gani shi ne abin tsoro. Dokar da ka liƙa daga Organizations, hidimar da ke haɗa asusan kamfani ƙarƙashin uwar asusu ɗaya, umarni ce kawai. Ba ta gina rumbu, ba ta ƙirƙirar izinin IAM (tsarin ba da izini na AWS), ba ta ma duba ko suna nan. Sunan rumbu da sunan izinin da ka rubuta a cikinta, dole su kasance a kowane sabon asusu, harafi da harafi. Rumbu kuma kowane yankin AWS, kamar Ireland ko Landan, da nasa. Kada ka bi su da hannu, ka tura da CloudFormation StackSets, mai gina abu iri ɗaya a asusai da yawa lokaci guda, ka kunna turawa ta kai tsaye yadda duk asusun da ya shigo rukunin gobe zai samu nasa. Amma izinin ka tura shi a yanki ɗaya tak, domin IAM na asusu ne gaba ɗaya, in ka tura a yankuna biyu na biyun zai faɗi da cewa sunan yana nan.

Sai lakabi. Galibi dokar tana zaɓen abin da za ta kwafa ne ta lakabin (tag) da ke jikinsa, kuma tana bambanta babban harafi da ƙarami. In ta ce ajiya=kullum, wani ya rubuta Ajiya=Kullum, ba ta ganinsa. Ba aikin da zai faɗi, don ba a ma fara shi ba, shi ya sa ƙararrawarka ba ta kaɗa ba. Ina zargin nan matsalarka take, tunda ka ce allon fes yake.

Ka kuma leƙa saitin AWS Backup a uwar asusu, yanki bayan yanki, ka ga waɗanne hidimomi aka kunna. Ga tsarin da ya sauko daga Organizations, zaɓin uwar asusu ne ke aiki, ba na 'ya'yan ba. In tsofaffin asusanku EC2 (sabobi) da RDS (ma'ajiyar bayanai) kawai suke da su, sababbin kuma suka zo da S3 ko EFS (ma'ajiyoyin fayiloli), ta yiwu ba a taɓa kunna su ba. S3 ma yana da nasa tsirfa: sai an kunna adana sigogi (versioning) a bokitin da fayilolin suke, kuma izinin ya ƙunshi ikon S3 daban. Haka nan yankin Cape Town, af-south-1, ba ya zuwa a buɗe, kowane asusu sai an buɗe masa, kuma in dokarku Ireland ko Landan kawai ta lissafa, abin da ke can ba ya cikin lissafi.

Yanzu ga inda raina ke ɓaci. Ka ce ɗaya daga cikin ukun ɗan kwangila ne ya gina shi. Wallahi ka je ka duba makullan ɓoye bayanai kafin komai. Mutanen nan a gurguje suke aiki, su bar faifai a kan aws/ebs, ma'ajiyar bayanai a kan aws/rds, su karɓi kuɗinsu su kashe waya. Waɗannan makullai na AWS ne, ba a iya raba su da wani asusu, don haka kwafin cikin gida zai yi nasara, ya nuna kore, amma aikin tura shi zuwa rumbun tsakiya ya faɗi. Aiki biyu ne daban, a shafi biyu daban, kuma yawancinmu na farkon muke kallo. Sai a yi wata shida kowa na barci. Ranar da aka kutsa asusun ko wani ya goge shi bisa kuskure, oga yana tsaye a kanka, masu kuɗi suna kira, ka buɗe rumbun tsakiya ka tarar wayam, kwafin da kake taƙama da shi yana cikin gidan da ya ƙone. A ranar ba wanda zai tuna da ɗan kwangila, kai za a kalla. Shi kuwa yana can ya kama wani aikin, in ma ka same shi zai ce ai a lokacinsa komai na tafiya. Kuma gyaran ba wasa ba ne, RDS ba ya canza makulli a zaune. Sai ka ɗauki hoton ma'ajiyar, ka kwafe shi da makulli naku na kanku daga KMS, hidimar makullai ta AWS, ka tayar da sabuwa daga kwafin, ka juya manhaja zuwa gare ta. Dole a tsayar da aiki, don haka ka nemi daren Asabar, ka sanar tun da wuri. Sannan dokar makullin ta ba asusun rumbu damar amfani da shi. Tunda ana maganar ɗan kwangilar, ka tabbata imel da lambar wayar tushen asusun sun dawo hannunku, ba nasa ba.

A ɓangaren rumbun tsakiya, dokar shigarsa ta yarda da backup:CopyIntoBackupVault. In wanda ya fara ginawa lambobin asusai huɗun nan ya jera, sababbin za su ci karo da ƙofa a rufe. Ka mayar da sharaɗin kan aws:PrincipalOrgID, wato lambar Organizations ɗinku gaba ɗaya, ka huta da ƙari ɗaya ɗaya. Ina fata dai ba a uwar asusu rumbun yake ba, don takunkumin SCP, wanda Organizations ke ɗora wa asusai, ba ya hawa kanta.

Wani zai zo ya ce ka sa Vault Lock na dindindin yau, wato kullen da ke hana goge kwafi a rumbu. Ka yi a hankali. Mafi ƙarancin wa'adin sake tunani kwana 3 ne, in ya wuce ko AWS ba za su goge maka ba, kuma da dala ake lissafin kuɗin. Kwafin da aka manta ba a sa masa ranar ƙarewa ba, zai zauna har abada yana cin kuɗi, ga yadda naira take. Ma'ajiyar sanyi, mai rahusar nan ta tsofaffin kwafi, ma kwana 90 take caja ko ka cire kafin nan. Ka fara da yanayin da mai izini ke iya cirewa, sai komai ya daidaita.

Af, agogo. In jadawalin a UTC yake, wato agogon duniya, mu muna gaba da awa ɗaya, ƙarfe 1 a can ƙarfe 2 ne na dare a Gombe.

Yau ɗin nan ka shiga ɗaya daga sababbin, ka ɗauki kwafi da hannu da wancan izinin, ka tura shi rumbun tsakiya, ka maido shi a asusun gwaji ka buɗe ka ga bayanan da idonka. Ka sa EventBridge, mai kai rahoton abin da ke faruwa a AWS, ya turo saƙo kan faɗuwar aikin turawa, ba na ɗauka kaɗai ba. Sannan ka buga describe-effective-policy, umarnin da ke nuna dokar da ke aiki a kan asusu, a kan asusun ɗan kwangilar, ka ɓoye lambobin asusu, ka turo mana abin da ya fito mu duba tare bayan isha'i.