Amsa ga ƙaninmu da ke son ajiye aiki ya shiga Kwari

Assalamu alaikum. Ƙanina, na karanta tambayarka da kyau. Ka ce shekararka bakwai kana aikin akanta a wani kamfani a Bompai, an kawo sabon manaja da ke yi maka tsawa a gaban yaran da kai ka koya wa aiki, har ta kai lissafin da a da ko daga barci aka tashe ka za ka yi, yanzu sai ka duba ka sake dubawa gabanka na faɗuwa. Ka ce kana jin kamar aikin ya fi ƙarfinka, kana so ka ajiye ka ɗauki ɗan abin da ka tara ka shiga Kantin Kwari, kasuwar atamfa da yadi ta Kano. Masu cewa ka yi haƙuri da masu cewa ka fita arziki na Allah ne, kowa da gaskiyarsa. Ni dai abin da zan roƙe ka shi ne kada ka yanke wannan hukunci yanzu, lokacin da gwiwarka take a sace.

Na yi aikin lissafi a wata masana'anta a Sharaɗa kafin in koma harkar hatsi a Dawanau, kuma na zauna a ƙarƙashin irin ogan da ka kwatanta. Abin da na lura da shi shi ne mutum yana haɗa abubuwa uku wuri guda ya kira su "na gaji da aikin nan": akwai sana'ar kanta, akwai wurin da ake yin ta, akwai kuma halin da jikinka da zuciyarka suke ciki. Ka tambayi kanka tsakani da Allah, kafin zuwan manajan nan kana son aikin? Idan wata ya ƙare lissafi ya daidaita ba ko kwabo da ya ɓace, kana jin daɗi a ranka? In amsar e ce, to ba sana'ar ce ta ƙi ka ba. Mutum ɗaya ne ya shiga tsakaninku. Wanda ya shekara bakwai yana riƙe da littafin kuɗin kamfani ba a taɓa kama shi da cuta ba, ba ya wayar gari a ce bai iya aiki ba. Yawan tsawa ne ke sa hannu rawa, rawar hannu ta jawo kuskure, kuskuren ya jawo wata tsawar. Maganin wannan sau da yawa sauyin wuri ne, ba sauyin sana'a ba. Ka gyara takardunka ka fara nema a asibitoci masu zaman kansu, makarantu, ƙungiyoyin agaji, da manyan diloli na kasuwannin Singa da Sabon Gari waɗanda dukiyarsu ta yi yawa amma ba su da mai tsara musu littafi. Ko kiran ganawa ɗaya aka yi maka, za ka ji yadda ƙwarin gwiwarka zai fara dawowa.

Na ukun kuwa, wato halin jikinka da zuciyarka, kada ka raina shi. Idan barci ya ƙaurace maka, abinci ya fita daga ranka, ka daina son zama cikin mutane, kuma abin ya haura mako biyu, ka je ka ga likita. Asibitin Malam Aminu Kano yana da sashen da ke duba irin wannan damuwa, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Mai ciwon damuwa duk inda ya koma da ita zai tafi, har cikin shago.

Yanzu maganar Kwari. Ina son kasuwa, ita ke ciyar da iyalina, amma zan gaya maka abin da masu zuga ka ba za su faɗa ba. Kasuwa tana karya gwiwa fiye da kowane manaja. A ofis ko an zage ka, ƙarshen wata albashi zai shigo. A kasuwa sai ka wuni a zaune ba wanda ya taya, maƙwabcinka yana ta ɗaure kaya, kai kuma kana tunanin kuɗin haya da cefane. Atamfa da leshi da shadda kayan yayi ne, zanen da ake rububi kafin ƙaramar salla yana iya zama kwantai bayan babbar salla. Ciniki kuma rabinsa bashi ne: 'yan sari daga Nijar da Chadi da wasu jihohin Najeriya suna ɗaukar kaya bisa amana, kuma sanin wanda za ka ba da wanda za ka hana ba a jami'a ake koyonsa ba. Ga canjin dala da ke iya cinye ribar dila guda cikin mako ɗaya tun da aka saki naira a 2023. Ga gobara da ambaliya, waɗanda duk ɗan Kano ya san abin da suka yi wa Sabon Gari a 2016 da Kwari a daminar 2022. Mu ma a Dawanau, waɗanda suka cika sito da masara da tsada sun ji jiki da farashi ya karye a 2025, ciki har da mutanen da suka tsufa a harkar.

Shi ya sa tun asali Bakano ba ya shiga kasuwa da jari, da ubangida yake shiga. Yaro ya zauna a shago shekaru, ya san kaya, ya san mutane, sannan a sallame shi. Kai ba yaro ba ne, amma wannan matakin ba ya tsallakuwa. Ka nemi wani ɗan'uwa ko aminin mahaifinka mai shago, ka riƙa zuwa ranar Asabar kana zama, kana ci gaba da karɓar albashinka na ofis. Ka ce za ka tsara masa littafin shige da ficen kaya kyauta. Kai ka samu makaranta, shi ya samu akanta, kuma a nan za ka gane cewa ilimin da manajanka ya sa ka raina shi ne abin da 'yan kasuwa da yawa suka rasa. Ni ta wannan ƙofar na shiga Dawanau, ina riƙe wa wani dattijo lissafin riɗi da zoɓo, kafin in sayi buhu ko ɗaya da kuɗina. Bayan wata shida, ka juya ɗan ƙaramin kaso na jarinka, abin da in ya narke ba zai hana yara zuwa makaranta ba. Idan ka ga Asabar ta fi maka sauran ranaku daɗi duk da ranar da ba a yi ciniki ba, to ka samu amsarka, kuma ba sakin reshe kama ganye ka yi ba.

In tafiyar ta tabbata, ka fita ta ƙofa. Ka duba takardar ɗaukarka aiki, yawanci ana neman sanarwar wata guda ko a cire albashin wata a madadinta. Ka miƙa komai a rubuce, musamman da yake kuɗi kake riƙewa, ka karɓi takardar shaidar aiki. Kada ka sa kuɗin fanshonka cikin lissafin jari: a dokar fansho ta 2014, wanda bai kai shekara 50 ba kashi 25 cikin ɗari kaɗai zai iya cira, shi ma sai ya yi wata huɗu ba shi da wani aikin. Ka ware kuɗin cefanen aƙalla wata shida daban da jari, domin sabon shago ba ya ciyar da gida.

Ka yi istihara, ka kuma gaya wa maiɗakinka halin da ake ciki tun yanzu. Mu maza muna ɓoye irin wannan don kada a ga gazawarmu, alhali ita ta riga ta gani a fuskarka, kuma ita za ta riƙe gidan in albashi ya tsaya. Ka faɗa mana mutum nawa ke ci a ƙarƙashinka, kuma gidan da kake ciki naka ne ko haya, domin shawarar mai haya da 'ya'ya huɗu ba ɗaya take da ta saurayin da ke gidan mahaifinsa ba. Allah Ya zaɓa maka mafi alheri.