Alat Ba Kuɗi Ba Ne, Alhaji

Tambaya: Malam, atamfa nake sayarwa a Kasuwar Barci. Wani ya ɗauki turmi uku, ya ce ya tura, saƙo kuma ya shigo wayata da sunan bankina. Har yau shiru. Ina matsalar take?

Amsa: Alhaji, matsalar tana hannunka. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ciniki ya koma taransifa, amma har yanzu kuna ɗaukar saƙon tes kamar hatimin banki. Sunan da kake gani a saman saƙo, mai turawa ne ke rubuta shi. Ɗan damfara na iya sa sunan bankinka, wayarka kuma ta jera saƙonsa tare da na gaskiya, ba ruwanta. Hoton rasit kuwa, yaron da ke sayar maka da kati zai gyara shi kafin ka shanye shayinka.

Buɗe manhajar banki da kanka, ka ga kuɗin asusunka sun ƙaru. Babu data? Danna lambar USSD ta bankinka, wato mai farawa da * ta ƙare da #. Taransifa tsakanin bankuna ta NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan Najeriya, take bi, yawanci daƙiƙoƙi ne. In ya ce "netiwok ne", karɓi lambar shaidar cinikin, mai alƙaluma 30, da ita banki ke bin sawu. Kaya su zauna a shago har kuɗi su sauka. Mai saurin tafiya da yawan rantsuwa, da shi za ka fi yin hattara. Kuma don Allah a daina barin yaron shago yana cewa "na ji ƙara, ya shigo".

Tambaya: Citta nake saye a Kachia. Zan iya samun masu saye a waje ta intanet?

Amsa: Ƙwarai, masu saye daga Indiya da Dubai ta nan suke neman kaya. Amma hoto a Facebook ba ya fitar da kwantena. Yi rajistar kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, karɓi takardar fitar da kaya daga NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, fom ɗin NXP na bayyana kayan da za ka fitar kuma ta bankinka. Duk "mai sayen" da ya ce ka fara biyan kuɗin rajista, toshe shi.

Tambaya: An ƙwace WhatsApp ɗin shagona, ana roƙon kwastomomina kuɗi.

Amsa: Hajiya, ke kika karanta wa ɓarayin lambobi shidan nan da WhatsApp ke turowa ta tes. Sake shiga da layinki, sababbin lambobi shida da za a turo miki za su kore su, sannan ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin makullin sirri a saitin WhatsApp.