Hukuncin Shiga Pompei Ga Wanda Jirgin Ruwansu Zai Yini A Napoli

TAMBAYA:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni da iyalina za mu yi tafiyar mako guda a jirgin ruwan yawon shaƙatawa a tekun Bahar Rum. Jirgin zai tsaya a Napoli ta ƙasar Italiya daga safe zuwa yamma. An shirya mana mota zuwa Pompei, tsohon garin nan da dutse mai aman wuta ya binne, daga nan a biya wata gonar inabi a ci abincin rana a ɗanɗana kayan gonar, sannan a dawo jirgi. Wani abokina ya ce shiga Pompei haramun ne, domin Allah ne ya halaka su kamar mutanen Annabi Luɗu. Da yarana biyu za mu je, babban shekararsa 13. Mene ne hukunci, kuma yaya zan yi da sallah?

AMSA:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah.

Ɗan'uwa, abin da ya fi tsaya mini a tambayarka gonar inabin nan ce da ka ambata ka wuce. Zan zo kanta, amma bari mu sallami abokinka tukuna.

Hujjar masu wannan magana ita ce hadisin Ibn Umar a Bukhari da Muslim: lokacin da Annabi (SAW) ya biyo ta Hijr, garin Samudawa, a hanyar Tabuka, ya hana sahabbai shiga wurin waɗanda aka azabtar sai dai suna masu kuka. Hadisin ingantacce ne, ɗora shi a kan Pompei ne bai zauna ba. Mun san Samudawa an azabtar da su ne saboda Alƙur'ani ya faɗa, ya ambaci annabinsu da laifinsu. Wane nassi ne ya ambaci Pompei? Babu. Dutsen Besubiyo ya yi aman da ya binne garin a shekara ta 79 miladiyya, wato a tsakanin Annabi Isa da Annabinmu (SAW), kuma Allah ya ce a Suratul Isra'i ba ya azabtarwa sai ya aiko manzo. Duk wanda ya tsaya ya ce Allah ya halaka mutanen gari kaza saboda zunubi kaza, ya yi magana a kan gaibu, sai ya kawo dalili daga wahayi.

Za su ce ai zanen batsa na nan a bangwayen garin. Haka ne, yana nan. Amma irin wannan rayuwa ta game daular Rumawa a lokacin, birnin Rum kansa bai fi su tsarki ba, kuma toka ba ta rufe shi ba. Aman dutsen kuma bai zaɓi masu laifi ba: ya haɗa da garuruwan Herkulaniyum da Stabiya da gonakin da ke kewaye, bayi da jarirai duka. Da kowace masifa alamar fushin Allah ce, me za mu ce da annobar Amwas ta shekara ta 18 bayan hijira, wadda ta ɗauki Abu Ubaida ɗan Jarrah da Mu'azu ɗan Jabal?

Hotunan nan kuma da ake yawo da su a WhatsApp wai mutane ne aka mayar duwatsu suna tsakiyar alfasha, a daina yaɗa su. Ba wanda aka mayar dutse. Toka ce ta daskare a kan gawarwaki, jiki ya ruɓe ya bar rami mai siffar mutum, sai a 1863 mai kula da haƙar wurin, Giuseppe Fiorelli, ya riƙa zuba ruwan filasta a ramukan. Gawarwakin da aka tono sun ɗan haura dubu ɗaya, mafi yawan mutanen garin sun gudu. Wa'azi ba ya bukatar ƙarya.

Ko da ma mun sallama wa abokinka, hadisin bai rufe ƙofa gaba ɗaya ba, ya togace mai shiga da tsoron Allah. Saboda haka shiga Pompei halal ne, idan kuma da niyyar wa'aztuwa aka shiga, ina fatan har da lada. Sai dai ka sani a cikin waɗannan siffofin filasta akwai ƙasusuwan mutane. Ka tsaya gabansu kamar yadda za ka tsaya a maƙabarta, kada yara su mayar da wurin fagen ɗaukar hoto ana dariya. Akwai kuma gidan karuwan garin da suke kira Lupanar, 'yan jagora suna son kai baƙi can. Tun a mota ka gaya wa ɗan jagora cewa ku ba za ku shiga ba. Yaro ɗan shekara 13 ba ƙaramin yaro ba ne a wannan babi, ka kula da idonsa har a rumfunan tsaraba na bakin ƙofa.

Yanzu gonar inabi. "Kayan gona" da za a ba ku ku ɗanɗana giya ce. Gangaren dutsen nan ya shahara da giyar da ake kira Lacryma Christi, kuma dominta ake kai baƙi, abincin rakiya ne kawai. Na san ba za ka sha ba. Amma hadisin Jabir a Tirmizi ya hana mai imani da Allah da ranar lahira zama a teburin da ake zagaya giya a kansa, a nan kuwa kai ne za ka biya kuɗin kujerar, da kuɗin giyar a ciki, ka zaunar da matarka da 'ya'yanka. Wannan ba irin ɗakin cin abincin jirgi ba ne, inda wani ke shan abinsa a teburinsa kai kana naka. Wannan ɓangare bai halatta ba. Ka nemi a canza maka zuwa tsarin da ke zuwa Pompei kaɗai.

Idan bai samu ba, ku je da kanku. Jirgin ƙasa na Circumvesuviana yana tashi daga Napoli ya sauke ku a tashar Pompei Scavi, dab da ƙofar shiga, cikin kamar minti 40. Ka sayi tikitin shiga tun da wuri ta intanet, domin tun ƙarshen 2024 an ƙayyade masu shiga zuwa 20,000 a rana. Ka kuma riƙe wannan da kyau: jirgin ruwa yakan jira motar da shi ya tura, ba ya jiran wanda ya fita da kansa. Ka bar ratar aƙalla awa biyu kafin lokacin tashin jirgin ruwan, ka tafi da takardun shaidarku. Jefa iyali cikin halin kwana a tashar wata ƙasa saboda sakaci shi ma abin tambaya ne gobe.

Sallah kuwa, kasaru za ka yi, Juma'a ba ta hau kanka ba. Ka fito da alwala, ka yi azahar a wuri mai tsabta a wajen kangon, alƙibla tana kudu maso gabas. Idan tafiya ta matse, ka yi niyyar jinkirta ta ka haɗa da la'asar. Sauran kwanakin da kuke tsakiyar teku ka sallaci kowacce a lokacinta, domin a mashhurin mazhabar Malikiyya rangwamen haɗa salloli na tafiyar tudu ne, kuma mai ɗaki da gado a jirgi ba shi da wata wahala da zai fake da ita.

Abinci: fizar margarita da kifi ba laifi. Ka tambaya kafin ka sayi kayan fulawarsu, domin mutanen Napoli suna sa kitsen alade, wanda suke kira strutto ko sugna, a taralli da sfogliatella, shi kuma kek ɗin da suke kira babà a giya ake jiƙa shi.

Wallahu a'alam.