Amsa: Hular ƴar tsana da ke zamewa daga kai

Hajiya, kin ce hular da kika saƙa wa ƴar tsanar jikarki ta yi faɗi, tana zamewa. Yawanci laifin zare ne. Ulu mai kauri da ake saƙa wa jarirai a lokacin hunturu ya yi mata yawa. Ki nemi siririn zare a Babbar Kasuwar Maradi, da kwarashi mai milimita 2 ko 2.5.

Ki fara auna kewayen kan da zare. In santimita 12 ne, faɗin saman hular kada ya wuce santimita 3.5, don saƙa tana miƙewa. Ki soma da ido 6, wato ƙullin saƙa 6, a ɗan zoben zare, zagaye na biyu 12, sai 18, sai 24. Da faifan saman hular ya kai awon, ki daina ƙari, ki yi ta zagayawa har ta sauko kunne. In bakin ya yi lanƙwasa kamar ganyen salat, ƙarin ya yi yawa, warwarewa kawai.

Kan ƴar tsanar roba santsi gare shi, musamman marar gashi. Ki zura siririyar roba mai miƙewa a zagayen ƙarshe, ta kama.